Banki da benci 'yan gida ɗaya ne

Malam, na ji daɗin wannan rubutu, amma inda ka ce "bank" ta Turanci kalma ɗaya ce mai ma'ana biyu, wato gaɓar kogi da wurin ajiyar kuɗi, akwai gyara. Kalmomi biyu ne, ta hanya biyu suka shiga Ingila. Ta gaɓar kogi ce ta riga isa, daga bakin mutanen arewacin Turai, su Denmak da Norwe. Ta kuɗi kuwa daga Italiya ta taso, ta biyo ta Faransa. A kasuwannin Italiya 'yan canji kan zauna da teburinsu da ake kira "banca", irin zaman 'yan canjin Wapa a Kano. A birnin Florens na Italiya attajiran nan iyalan Medici suka kafa bankinsu a 1397. Ɗan canjin da bashi ya ci, sai a ce "banca rotta", teburinsa ya karye, a nan Turawa suka samo "bankrupt". Mu ma ai cewa muke ɗan kasuwa ya karye!

Abin da ya fi burge ni, in aka bi salsala can baya, su biyun da "bench" tushensu ɗaya. Mu kuma muka aro duka, banki da benci.