Masu Komawa Gida Duk Disamba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a Owerri ta jihar Imo, kusa da Ama Hausa, wato unguwar Hausawa, kuma duk watan Disamba ƙauyukan da ke kewaye da mu, waɗanda suke tsit tsawon shekara, sukan cika maƙil da Ibo mazauna Arewa da suka dawo gida, waɗanda 'ya'yansu suka fi nawa jin Hausar Kano.

Da yawa daga cikinsu zuriyar mutanen da suka sake hawa Arewa ne bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970. Ibo da yawa sun fito daga yaƙin hannu rabbana, domin fam 20 kacal aka ba masu ajiya a banki da dama, komai yawan abin da suka tara. Neman abinci ya mayar da su Sabon Garin Kano da Kaduna da Jos, garuruwan da suka baro a guje a 1966. Sai dai sun koma da darasin da ba su manta ba, wato kada mutum ya zuba dukan abin da ya mallaka a inda zai iya wayar gari ya bari. Shi ya sa mai shago a Sabon Gari yake zaman haya shekara da shekaru alhali yana da bene a ƙauyensu, yana biyan kuɗin ƙungiyar garinsu, matarsa tana zuwa taron matan garinsu da ake yi a gida duk watan Agusta, kuma in ya mutu akan kai gawarsa gida.

Mu namu salon daban ne. Bahaushen Sabo a Ibadan ko na Zangon Kumasi yakan riƙe harshe da addini da sunan asali, har jikansa ya ce shi Bakano ne ko Bakatsine ko da bai taɓa ganin ganuwa ba. Inda ajali ya riske mu nan ake binne mu, kuma ban ga aibi a wannan ba, domin haka addini ya koyar. Abin da nake ganin mun gaza a kai shi ne aikin gayya daga nesa. Muna aika kuɗin Sallah da na biki ga dangi ɗaiɗai, amma da wuya mu haɗa hannu mu gina wa garin rijiya ko aji. Ibo kuwa har filin jirgin saman jihar Imo da karo-karon jama'a aka fara shi a zamanin Gwamna Sam Mbakwe.

Ba na cewa tsarinsu ba shi da nauyi, domin na ga wanda ya ci bashi saboda kada a raina shi a gida. Amma iyalan Bama da Gwoza da rikicin Boko Haram ya watsa zuwa Abuja da Legas suna tsaye yau a inda Ibo suka tsaya a 1970, kuma da yawa daga 'ya'yan da suka haifa a can sun isa shiga sakandare ba su taɓa taka garin iyayensu ba.