Tsarin Haudenosaunee ba ya bukatar shaidar Amurka

Wani bidiyo da aka yi ta yaɗawa, mai cewa kundin tsarin mulkin Amurka kwafi ne na dokar Haudenosaunee, haɗakar wasu al'ummomin 'yan asalin Arewacin Amurka, ya ɓata mini rai ƙwarai. Mai maganar yana ganin yabo yake yi, alhali rage musu daraja yake, domin ya mayar da tsarin al'ummomi shida, wato Mohawk da Oneida da Onondaga da Cayuga da Seneca da Tuscarora, abin da ba shi da ƙima sai Bature ya ɗauka.

A koma ga takardun. Gaskiya ne a taron yarjejeniya da aka yi a garin Lancaster a 1744, Canasatego, kakakin Onondaga, ya shawarci Turawan yankunan mallakar Ingila su haɗa kai kamar yadda kakanninsa suka yi, kuma Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, shi ne ya buga bayanin taron. Amma Franklin ɗin ne a wasiƙarsa ta 1751 ya kira Haudenosaunee jahilai 'yan daji, yana zaburar da 'yan'uwansa cewa abin kunya ne su gaza abin da waɗannan suka iya.

A ajiye dokokin biyu gefe da gefe. Majalisar Haudenosaunee kujeru 50 ce, Onondaga na da 14, Seneca na da 8, amma yawan kujeru ba ya ba kowa rinjaye: Mohawk da Seneca su tattauna, su miƙa maganar tsallaken wutar majalisa ga Oneida da Cayuga, sannan Onondaga masu kula da wutar su tabbatar. Iyayen dangi mata ne ke zaɓen shugaba, kuma idan ya ƙi jin gargaɗinsu a cire masa ƙahon barewa, alamar sarautarsa. Ina wannan a kundin Amurka na 1787? Sai 1920 aka tabbatar wa matan Amurka ƙuri'a, kuma kundin da kansa ya cire 'yan asalin ƙasar da ba sa biyan haraji daga ƙidayar wakilci.

Kada a kawo mini ƙudurin majalisar Amurka na 1988 da ya amince da gudummawarsu, domin furucin 'yan siyasa bayan shekara 200 ba hujjar tarihi ba ne.

Majalisar Haudenosaunee ma har yau tana zama a yankin Onondaga, tana ba da fasfo nata, kuma a 2010 Birtaniya ta ƙi karɓar fasfon, har 'yan wasansu na lakuros (wasan ƙwallo da sanda mai raga) suka rasa gasar duniya ta wasan da kakanninsu suka ƙirƙira.