Hoton da manhaja ta ƙarasa ba fanorama ba ne

Makon jiya wani ƙanina ya turo min hoton Kano daga saman Dutsen Dala, mai faɗin gaske, ya rubuta a ƙasa wai fanorama, wato hoton da ke kwaso wuri tun daga wannan gefe har wancan. Tsakiyar hoton Kano ce ba tantama: rufin kwano mai tsatsa, hasumiyoyin masallatai, hazon hunturu. Can gefen dama kuwa sai ga tafki shuɗi da jerin itatuwan dabino, daidai inda na san gidaje ne cunkushe da lunguna. Da na kira shi, dariya ya yi. "Yaya, ai manhaja ce ta ƙarasa min."

Tun da Photoshop, manhajar gyaran hoto, ya fito da wannan dabara a 2023, wadda ƙirƙirarriyar basira ke faɗaɗa gefen hoto da abin da ta ga dama, abin ya zama ruwan dare. Ban hana kowa wasa da wayarsa ba. Sunan fanorama da irin waɗannan hotuna suke ɗauka ne ya tsaya min a rai.

Fanorama tana da asali. A 1787 Robert Barker ya yi rajistar dabararsa ta zanen da ke kewaye mai kallo, ya kuma zana birnin Edinbura ta kowace fuska kamar yadda ake hango shi daga tudun Calton. A 1793 ya buɗe gini zagayayye a Landan, mutane su biya kuɗi su tsaya a tsakiya suna juyawa, su ji kamar suna wurin. Gilashin kyamara da ake kira idon kifi ma haka. Robert Wood, masanin kimiyya a Amurka, shi ya raɗa sunan a 1906, bayan ya haɗa kyamara a cikin bokitin ruwa don ya ga yadda kifi ke hango sama. A 1924 Robin Hill ya ƙera gilashin da ke kwashe sararin samaniya gaba ɗaya, digiri 180, don nazarin girgije. Dukkansu kwaɗayinsu ɗaya: su kamo abin da ke wurin fiye da yadda ido ke iyawa.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto da idon kifi ya san ba ya rufa asiri. Ƙarshen ƙasa ya lanƙwashe kamar bakin ƙwarya, inuwarka ta shigo, silifas ɗinka ma su leƙo daga ƙasa, ga baƙar leda maƙale a ƙaya. Wannan ne ke jan mai kallo ciki, har ya ji iskar wurin. Da waya kuwa, kana juyawa a hankali don ɗaukar fanorama akuya ta gifta, sai ta fito da kai biyu. Wallahi gara min akuyar nan mai kai biyu da tafkin ƙarya, don ita dai ta taka Dala da ƙafarta.

Masu cewa ai fasaha ce, Barker ma fenti ya shafa, sun manta shi sai da ya hau tudun ya duba.

Abin takaici ne a ce muna da Zuma, da Kufena, da duwatsun Ayar a arewacin Agadas, amma matasanmu na roƙon kwamfuta ta ƙago musu shimfiɗar ƙasa. Masu shirya gasar hoto da shafukan labarai su daina karɓar irin wannan sai da alama a jikinsa. Na ce wa ƙanin nawa ya koma Dala bayan la'asar ya juya da kyamararsa yadda ya kamata. Ya ce matakalar ta yi yawa.