Ɗan Acaba A Tseren Daji

Ɗan Acaba ya turo Boxer cikin gareji a Ƙofar Ƙaura, ya kafe shi a gaban Bakanike, ya daki sit.

Ɗan Acaba: Oga, ajiye na mutane. Asabar akwai tsere cikin daji, har na biya kuɗin shiga.

Bakanike: Wanda 'ya'yan Alhazai ke yi da dogayen baburan nan? Da wannan?

Ɗan Acaba: Mi ya same shi? Jiya buhu biyu na gero ya ɗauko daga Charanchi, da mai geron.

Bakanike: Nasu tayar gaba inci 21 ce, ta baya 18, masu haƙora. Taka 17, ita ma ta suɗe. Shokazobarsu tana nutsewa kusan santimita 30 kafin ta ƙure. Taka fa?

Ɗan Acaba: Tawa ba ta nutsewa. Tana da mutunci.

Bakanike: Awa biyu za a yi ana zagaye, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Ko a Amurka, a babban tseren dajinsu mai suna GNCC, awa biyu 'yan koyo ke yi, ƙwararru uku. Ba ka tsoro?

Ɗan Acaba ya miƙe tsaye, ya gyara zaman hula. (Kuskure ne a ambaci tsoro a gaban Bakatsine. Bakanike ya sani, bakinsa ne ya suɓuce.)

Ɗan Acaba: Kunya gare mu, Oga, ba dai tsoro ba. Daga nan ma Dakar na nufa.

Bakanike: Tseren Dakar ya koma Saudiyya tun 2020.

Ɗan Acaba: Alhamdulillahi. Sai in haɗa da Umara.

Bakanike ya ga ba fashi, ya ce Yaro ya kawo geji. Aka ɗora a bawul ɗin baya, allura ta haura 40.

Bakanike: Wannan iskar ta ɗaukar buhu ce. A daji masu tsere 12 zuwa 13 suke sawa, don taya ta baje ta kama ƙasa. Da 40 duk saiwar da ka taka sai ta watsar da kai.

Ɗan Acaba: To sa 12. Kai, sa 10, in fi su.

Bakanike: Su suna da makullin rim, wani ƙarfe mai danne taya a jikin rim. Kai ba ka da shi. Ka sa 12 ka murɗa totur, taya za ta zame a kan rim, ta ja tib, bawul ya tsinke daga gindi, wanda ba mai facin da zai iya. Zan bar maka 18 gaba, 20 baya. Zan kuma tsaga tsohon tib in shimfiɗa tsakanin taya da sabon, saboda ƙayar aduwa da ta magarya.

Ɗan Acaba: Wato yaran Alhaji 12, ni 20. Ka ga tun ba a fara ba na ba su takwas.

Aka wuce wurin. Bakanike ya cire marfin sarƙa, don yashi in ya shiga ciki ba ya fita, sai ya zauna yana cin sufoket. Ya canza sufoket ɗin gaba da mai ƙarancin haƙori ɗaya, wanda kusan daidai yake da ƙara uku a na baya: gudun miƙe ya ragu, ƙarfin hawan tudu ya ƙaru. Ya bar wa sarƙa sassaucin wajen santimita 3, don in ta ɗaure tamau shokazoba na nutsewa za ta ja ta har ta tsinke. Yaro ya wanke soson iyakilina da kananzir, ya shanya, ya shafe shi da mai, ya matse a tafin hannu. Ba a murɗe shi, yagewa yake yi, kuma ƙurar hunturu in ta samu ƙofa kai tsaye ringi da fistin take nufa. Aka cire jak ɗin tsakiya, aka ɗaure na gefe da roba, aka bi wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya ana ɗaure masu lilo. Duk wannan Ɗan Acaba bai ce uffan ba, sai da sufana ta doshi madubi.

Ɗan Acaba: Tsaya! Mi za ka yi?

Bakanike: Cirewa. Faɗuwar farko zai fashe ya yanke ka.

Ɗan Acaba: Wa ya ce maka zan faɗi?

Bakanike: Kowa na faɗuwa. Shi ya sa ma zan ɗan sassauta notin hannun birki da na kuloci, in ka daki ƙasa su juya maimakon su karye.

Ɗan Acaba: Sassauta abinka. Amma in ka cire madubi, da mi zan ga waɗanda na bari a baya?

Bakanike: To a bar guda.

Ɗan Acaba: In wani ya biyo ta ɗaya gefen fa, ya sha ƙurata ban gani ba? Hakkinsa ne in gan shi.

Bakanike: Reshe zai fizge su.

Ɗan Acaba: Reshen da ya san ni ba zai fara ba.

An fi rabin awa a kan madubin nan. Mai shayi ya sa baki, wani fasinja da ya zo neman acaba ya sa baki, ya manta inda za shi. Madubi biyu suka tsira, har da gezar ulu da ke lilo a jikinsu.

Bakanike: Saura hular kwano, tabarau na ƙura, safar hannu, da takalmi mai rufe ƙwauri. Da ruwa lita biyu a goye, mai tiyo, kana sha kana tafiya.

Ɗan Acaba: Hular kwano a kan wannan hular? Ka san nawa na ba mai wankinta?

Bakanike: Ba sa barin mutum ya tashi babu ita.

Ɗan Acaba: To zan ɗora a sama, amma a rubuta cewa dole aka yi mani.

Ana cikin haka Ɗan Alhaji ya shigo da Yamaha YZ250X a bayan a-kori-kura, da jarka a hannu.

Ɗan Alhaji: Oga, nawa ne ma haɗin?

Bakanike: Kashi arba'in na fetur, kashi ɗaya na mai. Lita 5 na fetur, mililita 125 na man haɗi. Ka girgiza jarkar sosai. Kada ka ƙara, kuma ka sa fulogi guda da sufanarsa a aljihu.

Ɗan Alhaji: Zan ɗan ƙara dai, don injin ya ji daɗi.

Ɗan Acaba: Ni ma a zuba mani.

Bakanike: Naka ba ya shan haɗi, baƙin mansa daban yake a ƙasa.

Ɗan Acaba: Wato talaka ko a fetur ba a yi masa miya. Cika mani tanki to.

Bakanike: Kawo kuɗi.

Ɗan Acaba ya laluba aljihu, ya yi lissafi da yatsu, ya dubi sama.

Ɗan Acaba: Sa lita biyu. Nauyi ba shi da kyau a tsere.

(Tun da aka cire tallafi a 2023 kowane ɗan acaba ya zama masanin illar nauyi.)

Ranar Asabar aka jera su sahu-sahu a bakin daji, ƙwararru gaba, 'yan koyo can baya, inji a kashe, ana sakin sahu ɗaya bayan minti guda. Bakanike ya tsaya kusa da kunnensa yana ta nanatawa.

Bakanike: Bi kibiyoyin da aka manna a itatuwa. In ka ga X, haɗari ne, rage. Tsaya a kan matakai, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka matse tanki da ita. In ka damƙe hannu da ƙarfi, cikin minti goma damtsenka zai ƙage, ko birki ba za ka iya ja ba. A yashin kwari giya biyu, nauyi baya, kada ka saki totur, kada ka taɓa birkin gaba. Kututture ka doshe shi a miƙe, ba a karkace ba. Kuma ka kalli inda za ka bi, in ka kalli itace shi za ka daka.

Ɗan Acaba: Tsayuwa? Ga sit na biya kuɗinsa?

Aka kaɗa tuta. Gaskiya dai a nan ya burge: wanda ke tada babur sau ɗari a wuni ba a gaya masa kik. Kafin yaran su gama lalube ya kai kwanar farko, yana leƙen madubin dama, yana leƙen na hagu. Itacen da bai kalla ba ne ya karɓi na hagun.

A kwari ya shiga a zaune, gaba ta fara rawa, ya saki totur ya damƙi birkin gaba. Taya ta nutse, babur ya tsaya, shi ya ci gaba. Ya tashi yana tofar da yashi, hannun birki ya juya sama bai karye ba, ya buge shi ya koma daidai.

Ɗan Acaba: Sauka na yi in duba ƙasar wurin.

Babu kowa a wurin, amma ya faɗa.

A shingen farko wani yaro ya ɗaga hannu zai sa alama a katin da aka manna masa a madigadi. Ɗan Acaba ya rage gudu, ya dunƙule naira ɗari, ya cusa masa a tafi, ya wuce ko kallonsa bai yi ba. Yaron ya bi shi da gudu yana ihu.

Ɗan Acaba: Wallahi ban yi ciniki ba yau! In na dawo!

Can gaba Bafulatani ya fito daga bayan kalgo da sanda a kafaɗa, ya ɗaga hannu. Ƙafar Ɗan Acaba ta taka birki da kanta.

Ɗan Acaba: Ina zuwa?

Bafulatani: Aradu ba ko'ina. Tambaya zan yi. Mi ya koro ku?

Ɗan Acaba: Tsere muke.

Bafulatani: Na ga alama. Daga wa?

Ɗan Acaba: Ba daga kowa ba. Wasa ne.

Bafulatani: Babura talatin cikin daji, fuska a rufe, a Katsina, wasa? Mutanen rugarmu tun ɗazu suna kan tsauni.

Ɗan Acaba: Ka ga wata jar takarda mai kibiya?

Bafulatani: Akuya ta gani.

Ya yi hagu bisa shawarar Bafulatani, ya zagaya wata kuka sau biyu, ya dawo kan hanya. Wani ƙwararre ya taho ta baya yana ihun a ba shi hanya. A ƙa'ida sai ka raɓe gefe ya wuce. Ɗan Acaba ya duba madubin da ya rage, ya ga mutum, ya ji daɗi, ya ƙara zama tsakiya. Sai da hanya ta buɗe mutumin ya wuce, ya bar masa tsakuwa a ƙirji.

A gindin wani tudu ya tarar da Ɗan Alhaji yana ta kik, gumi har cikin tabarau, salansa na ɗigar baƙin mai.

Ɗan Alhaji: Baba, don Allah kana da fulogi? Nawa ya jiƙe, ya yi baƙi ƙirin.

Ɗan Acaba: Wanda Oga ya ce ka sa a aljihu fa?

Ɗan Alhaji: Yana mota.

Ɗan Acaba: Injin ya ji daɗin?

Ɗan Alhaji: Baba, kai ni wurin Oga kawai.

Ɗan Acaba: Dubu biyu.

Ɗan Alhaji: Kilomita uku fa!

Ɗan Acaba: Daji ne. Kuma ana tsere, ka tsayar da ni ina kan gaba.

Haka suka ɓullo wurin tuta, ƙwararru sun gama sun sha ruwa, Boxer na tafe da madubi ɗaya, Ɗan Alhaji a baya rungume da hular kwano. Saura taku ashirin lita biyu ta ƙare. Ɗan Acaba ya kwantar da babur gefe, ya girgiza, ya hura tanki, ya samu abin da ya kai su layi.

Mai Rubutu: Lamba 47, zagaye ɗaya. Ba alamar shinge ko guda a katinka. Ga kuma ɗari uku da yaranmu suka ce a mayar maka.

Ɗan Acaba: Shinge huɗu na wuce.

Mai Rubutu: Na huɗun ya ce shi bai ga komai ba.

Ɗan Acaba: To rubuta. A cikin masu ɗauke da fasinja, wa ya zo na ɗaya?

Mai Rubutu: Babu wannan rukunin.

Ɗan Acaba: Oga, ka ji ko? Sun soke shi da suka ga ni ne.

Bakanike: Kuɗin aikina dubu shida.

Ɗan Acaba: Cire na madubi. Kai ka yi masa baki.