Hoton Mai Shayi Ma Tarihi Ne, In An Rubuta Bayaninsa

A 'yan shekarun nan an samu matasa da yawa a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram da Maiduguri waɗanda ɗaukar hoto ba sana'arsu ba ce. Ba su da shago, ba a gayyatarsu biki ko suna, amma sun ɗabi'antu da fita da waya a hannu suna ɗaukar abubuwan da kowa yake wucewa bai ɗaga kai ya duba ba: teburin mai shayi bayan sallar asuba, ɗan garuwa yana tura kura a lungu, buhunan barkono a jere a bakin kasuwa, mai faci ya tsoma tayar babur a ruwa yana neman inda take yoyo. Wasu suna yi musu kallon marasa abin yi. Ni a ganina aikin da suke yi zai fi amfanar na baya a kan na masu rububin ɗaukar hawan sallah, sai dai kuma akasarinsu rabin aikin suke yi, domin suna ɗora hoton a Facebook ko Instagram ba tare da sun faɗa mana abin da muke kallo ba.

Hawan sallah ba ya cikin haɗarin mantuwa. Kowace shekara aka yi shi dubban kyamarori ne suke fuskantar dawakai da lifidi da 'yan bindiga, kuma tun a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da take kulawa da su. Abin da yake ɓacewa ba a ankara ba shi ne wanda ake gani kullum har ido ya daina ganinsa. Dalar gyaɗa a Kano, wadda ake cewa guda ɗaya takan ci buhu har 15,000, ba abin mamaki ba ce ga wanda yake bi ta gefenta safe da yamma a shekarun 1950 da 1960. Yau ba ta nan, kuma hotunanta da suke yawo a hannunmu suna nuna leburori ɗauke da buhu a ka suna hawa, amma da wuya ka ga wanda aka rubuta sunan ko da mutum ɗaya daga cikinsu, ko garin da ya fito cin rani, ko nawa ake biyansa a kan buhu. Muna da siffar dalar, ba mu da labarin waɗanda suka gina ta.

Ba sai mun je nesa haka ba. Kafin Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur, 'yan acaɓa ne suka cika kowace mahaɗa a birnin, da hayaƙinsu da ihunsu da yadda suke taruwa a kan mai mota in ya taɓa ɗayansu. Yaron da aka haifa a shekarar ya girma bai san wannan Kanon ba, Adaidaita Sahu kawai ya tarar. Haka 'yan lema da teburi da suka bazu a bakin titi bayan shigowar wayar salula a 2001, ana biyansu a yi kira na minti ɗaya, sun tashi ba wanda ya yi musu sallama. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 da ambaliyar Maiduguri da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a Satumbar 2024 sun nuna cewa layin shaguna ko unguwa sukutum tana iya canza kama a dare ɗaya, kuma daga ranar duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton wurin don nishaɗi ya zama mai riƙe da shaida.

To amma me muke gani a ƙarƙashin irin waɗannan hotuna? Wani ya rubuta "Arewa ke nan" ya tsaya. Wani ya manna zancen hikima na Turanci da ya kwafo daga wani shafi, wanda ba ruwansa da dattijon da ke cikin hoton. Wani kuma sunan wayar da ya ɗauka da ita kaɗai zai rubuta, kamar ita ce ta fita rana. Hoto irin wannan tamkar a aiko maka da ƙwaryar tuwo ne ba a faɗi daga wane gida ba: za ka ci ka ji daɗi, amma ba ka san inda za ka mayar da ƙwarya ba.

A ɗauki marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, domin kusan duk mai koyon hoto a Kano sai ya je can. Hoton da ake ɗaukowa iri ɗaya ne, wato marini a tsugune a bakin karofi, hannunsa shuɗi, zane yana ɗiga. Hoton yana da kyau, amma wanda ya zauna minti goma ya yi tambaya zai dawo da abin da ya fi kyan hoton tsada. Zai ji cewa ruwan haɗin baba ne da toka da kanwa, kuma sai an bar shi ya yi kwanaki ya nuna kafin a fara tsoma kaya. Zai gane dalilin da ya sa marini yake tsoma zane ya ɗago, ya sake tsomawa ya sake ɗagowa, domin iska ce take kama launin, zanen da ya fito da ɗan kore-kore a gaban idonka yake komawa shuɗi. Zai lura da karofan da aka daina aiki da su sun cike da ƙasa, ya tambayi tun yaushe. Zai bi sautin bugu ya isa wurin mabuga, waɗanda ba a cika ɗaukarsu ba saboda rumfarsu ba haske. In ya rubuta wannan cikin layi biyar ko shida, ya haɗa da rana da wata da shekara, hotonsa ya fita daga jerin hotunan marina da ba a iya bambance na bara da na shekara goma da suka wuce.

Mutum biyu sukan zo mini a rai game da wannan batu. J. D. Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya a 1968, ya ci gaba shekaru da dama har ya tara kusan dubu, kuma ya riƙa rubuta sunan kowane kitso da inda ya same shi. Saboda haka aikinsa yana amfanar mai sha'awar hoto, yana kuma amfanar mai binciken al'ada. Ita kuwa Vivian Maier mai renon yara ce a birnin Shikago na Amurka, ta yi shekaru tana ɗaukar mutanen titi ba tare da ta nuna wa kowa ba, har ta bar fim da ya haura hoto 100,000. An yi gwanjon kayanta a 2007 saboda an kasa biyan kuɗin ɗakin ajiya, ta rasu a 2009 kafin duniya ta san da ita. Idonta ya kai inda na ƙwararru da yawa bai kai ba, amma akasarin mutanen da ke cikin hotunan ba a san ko su wane ne ba, kuma wadda za a tambaya ta riga ta tafi.

Akwai wani darasi a wurin Ojeikere da ya dace da mu musamman, domin da yawan hotunansa ta bayan kai ya ɗauke su, fuska ba ta fito ba. Yarinyar da take da waya kuma take da mai kitso a unguwarsu tana iya tara shuku da kalaba da zane da doka, kowanne da sunansa da lokacin da ake yin sa, ba tare da ta bayyana fuskar kowa ba. Wannan aiki ne da namiji mai babbar kyamara ba zai taɓa samun shiga wurinsa ba. Haka girki, da jeren ɗakin amarya, da kayan da kakanninmu suke amfani da su irin akushi da faifai da fitilar aci-balbal, waɗanda roba da cajin sola suke kora daga gidaje ɗaya bayan ɗaya.

Masu cewa hoto mai kyau ba ya buƙatar bayani suna da gaskiyarsu a ɗakin baje koli, inda aka rataye hoton a bango aka rubuta sunan mai shi a gefe. A intanet lamarin daban ne. Hoton da ba a ɗaure shi da wuri da lokaci ba, duk wanda ya tsince shi yana iya ɗora masa labarin da ya ga dama, kuma mun sha ganin an tono tsohon hoton gobara ko na wata ƙasa an ce jiya abin ya faru a garin kaza, har a tayar da hankalin jama'a. Fati Abubakar, wadda aikin jinya ta karanta, ta fara shafin Bits of Borno a 2015 a lokacin da duniya ba ta san komai game da Maiduguri ba sai bam da gawa. Ta ɗauki 'yan kasuwa da ɗalibai da masu biki da yara a bakin wasa, amma abin da ya ba aikin nauyi shi ne ta riƙa haɗa hoton da abin da mutumin ya faɗa da bakinsa. Da hotunan kaɗai ta saki, da wani zai iya cewa a wani gari aka ɗauke su.

Neman bayani yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba, wato yana tilasta wa mai hoto ya yi sallama. Ba yadda za ka san sunan sana'ar mutum da shekarun da ya yi a kanta sai ka gaishe shi, ka ce "Baba, sannu da aiki, ina so in ɗauki hotonka in sa a intanet, ka amince?" In ya ce a'a magana ta ƙare. A nan ne nake da babban ƙorafi a kan masu farautar almajirai da kyamara. Ana laɓewa a cikin mota a ɗauki yaro da roba a hannu, a mayar da hoton baƙi da fari don ya ƙara ban tausayi, a tara yabo, shi kuwa yaron bai san an yi ba, kuma ko ya sani shekarunsa ba su kai ya ba da izini ba. Wanda da gaske rayuwar tsangaya yake son nunawa, ya je wurin malam ya nemi izini, zai ga allo da tawada da zuge da wankin allo da karatun dare a bakin wuta, abubuwan da ba a gani daga tagar mota. Kuma ba duk abin da aka ji ne ake rubutawa ba. Sunan mutum sai da yardarsa, kwatancen gidan mace ko yaro kuwa bai kamata ya fito ba ko da sun yarda, a wannan zamani da muke ciki.

Sai batun ajiya, wanda 'yan koyo suka fi sakaci da shi. Waya tana rubuta rana da lokaci a cikin kowane hoto, wani lokaci har da wurin da aka tsaya, amma da zarar an tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto sai a matse shi, a goge wannan bayanin. In ana so ya isa yadda yake sai a tura shi a matsayin fayil. Abin da aka ɗora a sitatus kuwa awa 24 ne kwanansa. Ga ƙwacen waya, ga faɗawa ruwa, ga shafin da ake iya rufewa rana tsaka. Wanda hotunansa na shekara uku suke cikin waya ɗaya bai ajiye komai ba tukuna. Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi dacewa da irin wannan aiki shi ne Wikimedia Commons, rumbun hotuna na intanet da Wikipedia take amfani da shi, inda ake gasar hotuna ta Wiki Loves Africa tun 2014. Shekarar farko a kan abinci aka yi ta, ta 2017 a kan mutane a bakin sana'a, ta 2020 a kan sufuri, kuma a can sai ka cike gurbin bayani da kwanan wata kafin hoto ya shiga. Sharaɗin da ya kamata a fahimta shi ne duk wanda ya ga dama yana iya amfani da hoton, har a harkar kasuwanci, muddin ya ambaci sunan mai shi, don haka wajibi ne a faɗa wa wanda aka ɗauka wannan tun kafin a ɗora.

Ina kuma roƙon a riƙa rubuta bayanin da Hausa, ko da za a biyo shi da Turanci ko Faransanci don baƙi. Dalilina na aiki ne. Waɗanda suka san tsohon sunan lungun, da wanda ya fara kafa rumfar, da shekarar da aka rushe ƙofar aka sake gina ta da siminti, akasarinsu Hausa suke karantawa ko ake karanta musu. In bayanin ya zo da harshensu za su shigo su yi gyara, wani ya ce ba nan ba ne, wani ya ce mahaifinsa ne a hoton, wata ta ce a garinsu ba haka ake kiran kitson ba. Mai hoto ya bi waɗannan gyare-gyare ya tantance su, sannan ya koma ya shigar da wanda ya inganta cikin ainihin bayanin, domin wanda zai ci karo da hoton nan da shekara ashirin ba zai tsaya karanta sharhi ɗari biyu ba.