Ba Kowace Tausa Ce Ke Cutar da Mai Juna Biyu Ba

Mata da yawa sun ɗauka cewa duk wata tausa tana zubar da ciki, alhali tausa mai sauƙi a kafaɗu da gadon baya tana rage ciwo da gajiya, muddin likita bai hana ba. Abin gudu shi ne danna ciki da ƙarfi, da kuma murza sha-raɓa, domin jinin mai ciki yana saurin daskarewa, kuma gudansa na iya ɓallewa ya toshe jijiyar huhu. Daga mako na 20, ta kwanta a gefenta da matashi tsakanin gwiwoyi, kada ta yi rigingine. Surace da jiƙa jiki a ruwa mai tsananin zafi kuwa, a haƙura da su, musamman a watanni ukun farko.