Gammon Kaka a yaƙin Bama

A gidanmu na Jahun, cikin garin Bauchi, abu biyu ne ba a musu a kansu: masar Goggo ta fi ta kowa, kuma Kakanmu da hannunsa ya kori Hitila. Baffa, wanda shi ne babba a gidan yanzu, idan ya samu zama bayan la'asar har kwatanta riƙon bindigar Kaka yake yi da sandarsa, kuma yawan abokan gaban da suka faɗi yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan masu sauraro.

Sai na ɗauki alkawarin rubuta tarihin kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, in saka a zauren dangi na WhatsApp. Baffa ya sa mini albarka, har da kuɗin data.

Na fara da intanet, a shafin hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila. Sojojinmu na wancan zamani da yawansu ba da sunan uba aka rubuta su ba, sunan yanka ne sai na gari: wane Bauchi, wane Katagum, wane Misau. Da na ci karo da mai irin sunan Kaka, ko takalmi ban tsaya sawa ba na nufi ɗakin Goggo.

"Goggo, na samo shi!"

"A ina?"

"Cikin jerin waɗanda suka rasu a yaƙin."

Ta ajiye ludayinta ta dube ni. "To ni da aka haifa bayan yaƙin, wa ya haife ni, ɗan nan?"

Da ta gama dariya ta ce in jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta, amma sai na fara ajiye kuɗin goro. A ciki akwai warin kafur, tsofaffin takardun haraji, rasidin keke, lambar girma mai siffar tauraro wadda aka ba waɗanda suka je Bama (ƙasar Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu, wani ɗan bajo na ƙyalle, da littafin sallama da gara ta ɗanɗana gefensa. Gara ma tana da zaɓi, don duk inda zai rufa mana asiri can ta ci, ta bar sauran tas.

Littafin ya nuna Kaka yana runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ita ce Turawan Ingila suka haɗa da mutanen Najeriya da na Gana, aka kai su Indiya a jirgin ruwa a 1944, daga nan suka shiga yankin Arakan na Bama. Suna cikin waɗanda suka karɓe Myohaung a Janairun 1945, shi ya sa har yau akwai bariki mai wannan suna a Legas. Kuma da Japanawa suka gwabza. Hitila yana can Jamus, ko ƙurarsa Kaka bai gani ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. A gurbin aiki aka rubuta: ɗan dako.

Ba raini ba ne, ni dai a ganina. Dajin nan duwatsu ne da koguna, babu hanyar mota. Jirgin sama ke jefo kaya, sai sojojin dako su ɗauki harsasai, abinci da guntayen igwa a ka, su bi masu bindiga duk inda suka sa ƙafa. Bajon rundunar ma ya faɗi haka: masu biyu a gicciye bisa wani zagaye. Zagayen nan da Baffa ya shekara da shekaru yana ce mana garkuwa ce, ashe gammo ne.

Da na kai masa bayani, sai da ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Wa ya rubuta takardar?"

"Bature, Baffa."

"To ka ji. Me Bature ya sani?"

Goggo ta leƙo daga madafi. "Yaya, ka bar yaro. Ba ka tuna har ya rasu bai yarda an ɗora masa ko ƙwarya a ka ba? Cewa yake ya ɗauki rabonsa a Bama."

Wato ta sani tun fil azal, ta karɓe mini kuɗin goro kawai.

Baffa ya yi shiru, can sai fuskarsa ta washe. "Harsashin da ya kashe Japanawa, wa ya kai shi wurin? To Baba ne ya kashe su." Kafin magariba labari ya sake riga: Kaka shi kaɗai ya ɗauki igwa sukutum ya haye kogi da ita, Turawa na tafi. Aka kuma hana ni saka komai a WhatsApp sai Baffa ya duba.

Ana cikin haka mai Keke Napep ya sauke buhun masara a ƙofar gida. Baffa ya ce tunda ni na tono gadon, in fara cin moriyarsa. Goggo ta naɗa mini gammo da tsohon ɗankwalinta, yara suka kama aka ɗora mini. Ban fita daga zaure ba wuyana ya ce bai san zancen ba, buhu ya faɗi ya fashe, kajin maƙwabta suka shigo walima.

Baffa ya girgiza kai. "Da irinka aka kai Bama, da yanzu Japananci muke yi."